Mai gina otel ya fara duba hadari kafin ya ƙirga ɗakuna



Akwai wata magana da ta zama kamar gaisuwa a bakin masu otel, masu gidan abinci da manyan ƴan kasuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Ka tambayi mutum ya kasuwa, sai ya girgiza kai ya ce maka: "Kasuwa ta mutu, abu ne ya faɗo mana daga sama, ba wanda ya san haka za ta faru." Mun ji ta a 2019, mun ji ta a 2020, mun ji ta a 2023, har gobe muna jin ta. To yau mun ce bari mu yi mata gardama. Rabin maganar gaskiya ne, kasuwa ta sha wuya ƙwarai. Ɗayan rabin, wai ba wanda ya sani, shi ne ba mu yarda da shi ba. Abin da ya same ka sau uku cikin shekara huɗu ya tashi daga ba-zata, ya zama yanayin garinku kamar ɗari da bazara. Wanda ya zuba dukiya bai sa shi cikin lissafi ba, shi ma yana da nasa kason laifi.

Ku dubi manominmu na karkara. Bai shiga lakwal ba, amma ba ya shuka sai ya dubi sama. Ya san ruwa na iya ɗaukewa bayan shuka, ya san tsutsa da fara, shi ya sa yake haɗa hatsi da wake da dawa a gona guda, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Amma alhajin birni, mai miliyoyi a hannu da bashin banki a wuya, zai aza tubali ya hau bene hawa uku, bai taɓa zama ya tambayi kansa abin da ke waje da katangarsa ba: iyaka, kuran, naira, tsaro, ruwan sama, doka. Waɗannan su ne hadarin ɗan kasuwa. Ba shi da iko da su, amma su ke da iko da aljihunsa.

Mu fara da iyaka, tunda Maraɗi da Ƙonni da Magarya da Matamaye da ita suke numfashi. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, wata 16 kenan. Ana cikin wannan korona ta zo a Maris 2020, aka rufe filayen jirgi, aka killace Yamai. Ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan sauyin mulki, CEDEAO ta sa takunkumi aka sake datse iyaka. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, hanyar Najeriya ta buɗe a Maris. Ku lissafa da kanku: daga Agusta 2019 zuwa Maris 2024 wata 55 ne, a ciki iyakarmu da Najeriya ta yi kusan shekara biyu a rufe, ko ba a sa rufewar korona ba. Gadar Gaya kuwa ta ci gaba da zama a rufe bayan ɗage takunkumin, kayan da ke sauka Kwatano suka koma Lome, suna ratso Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya hau, duk ya sauka a kan farashin buhun shinkafa da kwanon rufi. Mutumin da ya ga rufewar farko da ta biyu, ya sake ɗora dukan kasuwancinsa a kan mashiga guda, ta Ɗan Isa ko ta Ƙonni, me zai ce mana ranar ta uku?

Sai mu zo kan otel, don a nan ciwon ya fi bayyana. Tambayarmu guda ce: wa aka gina wa waɗannan ɗakuna? A Yamai, taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yuli 2019 ya zo da Radisson Blu da Noom da Bravia da cibiyar taro ta Mahatma Gandhi. Wannan manyan jari ne, masu shi suna da ƙarfin jure shekarun fari. Abin da ya dame mu shi ne kwaikwayon da ya biyo baya a jihohi. Bikin 18 ga Disamba ya zagaya: Maraɗi Ƙwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. Kowane gari ya cika maƙil da baƙi na ƴan kwanaki, aka rasa wurin kwana, har gidajen mutane aka kama haya. Masu kuɗi suka ga haka suka yi wa rogo kallon kitse. Biki na mako guda ne, bashin banki kuwa na shekaru ne. Da baƙi suka watse, sai aka jingina da abokin ciniki guda: furoje. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, taron ƙara wa juna sani, hayar zauren taro, shan shayin ƙarfe goma, abincin rana, masu karɓar kuɗin zama. Otel nawa ne a garuruwanmu da in ka cire wannan ciniki za su iya biyan albashin wata?

Kuma fa gargaɗi ya zo tun da wuri. Agadas ta riga mu gani. Garin da jirage ke sauke masu yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa, tawayen 2007 ya tsayar da wannan kasuwa, sace mutane a Arlit a Satumba 2010 ya ƙara danne ta. A Janairu 2011 aka ɗauke Faransawa biyu a wani gidan abinci cikin tsakiyar Yamai. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu a Kure, wurin raƙuman dawa, Faransa ta shafa wa taswirar ƙasarmu jan launi in ban da birnin Yamai. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana faɗa wa mai otel abu guda: baƙon da ke zuwa da izinin wata gwamnati, da umarninta zai koma, cikin dare ɗaya. Gemun Agadas ya kama wuta muna kallo, ba mu shafa wa namu ruwa ba. Da 2023 ta zo, aka dakatar da taimako da yawa, jirgin Air France ya daina sauka, sojojin Faransa suka fita a Disamba 2023, na Amurka suka kammala fita a Satumba 2024, a farkon 2025 kuma Amurka ta tsuke bakin jakar USAID a duniya baki ɗaya. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan al'amura, mu ba siyasarsu muke ba yau. Lissafi muke: wanda abokin cinikinsa guda ne, ranar da ya tafi ya tafi da tukunyar gidan.

Na uku, kuran. Kafin takunkumi, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa: layin Birnin Kabi yana ciyar da Yamai, layin Katsina yana ciyar da Maraɗi da Damagaram ta Gazawa. Wannan ba sirri ba ne, duk mai mita ya sani. Farkon Agusta 2023 aka yanke, gari ya koma duhu da ƙarar gurup. Bari mu yi misali da alƙalami. A ce gurup ɗinka na shan lita 5 ta gazuwal a awa. A farashin sefa 618 da aka sa a Yuli 2024, awa guda ta ci 3,090, awa goma ta haura jika 30. In ɗakinka jika 15 ne a dare, baƙi biyu na farko gurup suka kwana wa, ba ka biya mai gadi ba, ba ka biya ruwa ba, ba ka biya banki ba. In daren nan baƙo biyu kacal ka samu, da ka rufe ƙofa ka kwanta da ka fi riba. Duk da haka muna ganin sabon gini da gilashi tun daga ƙasa har sama yana fuskantar yamma, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, babu inuwa, babu baranda, babu faifan hasken rana ko ɗaya a kan rufi. Kakanninmu da suka yi soro mai kaurin bango da ƴar taga sun fi mu sanin garin da suke ciki.

Esansi ma haka. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa ke shayar da baburanmu da motocinmu da man Najeriya mai rahusa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai a can, a bainar jama'a, kowa ya ji a rediyo. Daga ranar ya kamata kowane mai motar haya, mai injin niƙa da mai gidan burodi ya san cewa nauyin ƙasa duka zai koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Dogayen layukan da muka sha a gidajen mai a Maris 2025 sun yi kusan shekara biyu suna sallama kafin su shigo.

Na huɗu, naira. Sefa na ɗaure da yuro, 655.957 a kan yuro guda, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a Yuni 2023: dalar Amurka da ke kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Ma'anar wannan a ƙofar otel mai sauƙi ce. Baƙon Kano ko Katsina da ya saba sauka wurinka, ɗakinka ya ninka masa tsada alhali kai ba ka ƙara ko dala ba. Sai ya gama cinikinsa da rana ya koma, ko ya kwana wurin ɗan'uwa. Mai kai dabba kasuwar Jibiya ko Mai'aduwa ya sayar da rago da naira mai yawa, ya canza ta dawo ƴar kaɗan. Mai ƙaramar masana'anta a nan ya wayi gari kayan Najeriya sun fi nasa araha. Ɗan canji na bakin kasuwa yana bin wannan lissafi safe da yamma. Me ya hana mai otel ya bi shi ko sau ɗaya a wata?

Na biyar, ruwan sama. Damina 2024 ta ci rayuka fiye da 300, ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai na kwanaki, aka ɗaga komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Bayan duk wannan, har yanzu ana sayen fili a kwari da bakin gulbi don yana da araha, a gina sito ko masauki, a ce Allah ya kiyaye. Amin. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma sun cancanci amsa. Za su ce: "Ku masu rubutu baki gare ku. Wa ya san ranar korona? Wa ya san ranar 26 ga Yuli?" Gaskiya ne, ba wanda ya san ranar. Manomi ma bai san ranar da ruwa zai ɗauke ba, amma ya san yana ɗaukewa, shi ya sa yake da rumbu. Ba mu ce ka zama boka ba. Cewa muka yi ka tambayi kanka, in aka rufe iyaka wata shida, wata nawa zan iya biyan yara? In amsar ita ce ko wata guda, to ba ka gama shiri ba. Wasu kuma za su ce ƙaddara ce, arziki na Allah ne. Mun yi imani da haka. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali na tafiya da ɗaure raƙumi, kuma sun ba mu labarin Annabi Yusuf da tanadin shekarun wadata don shekarun fari. Kada mu rufe sakaci da rigar addini.

Wasu za su ce, to in baƙon waje ya tafi, wa ya rage? Mu kuwa muka ce ku je tashar Rimbo ko STM ko SONEF da dare ku gani. Mutane ne kwance a kan tabarma suna jiran motar asuba: ƴan kasuwa, mata da yara, ɗalibai, masu jinya da aka turo babban asibiti. Ku je Galmi lokacin albasa ku ga masu saye daga Gana da Kodebuwa. Ku tuna yadda gari ke cika idan kokowar Takobi ta zagayo jiharmu. Ku ƙirga bukukuwan aure da ke neman zaure kowane ƙarshen mako. Waɗannan ba sa jiran izinin ofishin jakadancin kowa, kuma ba sa gudu in an sa takunkumi. Illa dai ba za su biya jika 30 a dare ba, kuma da yawansu na ƙyamar sunan otel, don a al'adarmu an haɗa shi da bariki. Mai mutunci ba ya son a ga iyalinsa na fita daga wurin da ake shan giya. Wannan ma wani hadari ne da ke waje da katanga, kuma ana iya karanta shi. Iyayenmu sun karanta shi tun zamanin ayari, suka yi fatoma: mutumin da ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Fatoma ya san baƙonsa ciki da waje. Mu jikokinsa mun gina wurin wanka na Turawa a garin da famfo ke ɗaukewa, mun bar ɗan kasuwar Tasawa na kwana a tasha da jakar kuɗi a ƙarƙashin kai. Ɗaki mai tsabta, fanka mai aiki da rana, ruwa a randa ko tanki, wurin salla, ɓangaren iyali, sito mai makulli, farashin da ɗan kasuwa zai iya, a kama ɗaki ta WhatsApp a biya ta Nita ko Amana: wannan ciniki yana nan yana jiran mai shi.

Kada a ce mun ɗora wa ƴan kasuwa kaya duka. Hukuma na da nata kason. Ɗan kasuwa zai iya jure doka mai tsauri, abin da ke karya shi doka ce ta dare ɗaya. A Oktoba 2024 an hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina. Akwai hujja, talaka na buƙatar abinci mai sauƙi, ba mu musa ba. Amma wanda ya riga ya ci bashi ya tara kaya don wata kasuwa, shi ma ɗan ƙasa ne. Muna roƙon mahukunta, duk matakin da ba na gaggawar tsaro ba, a ba da wa'adi, a yi bayani da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu a rediyo, kada a bar shi a takardar Faransanci da sai ɗan boko. Masu karɓar lanho su dubi cinikin da aka yi, kada su tsaya ga girman gini. Ma'aikatar magajin gari ta daina ba da izinin gini a hanyar ruwa. Majalisar ƴan kasuwa, mai rassa a jihohinmu, ta riƙa faɗa wa mutane ɗaki nawa ke gari, kashi nawa ke cika a wata, kafin mutum na goma ya zo ya gina irin abin da tara suka gina suna kuka. Bankuna kuma, ku da ke karɓar takardar gida jingina, ku riƙa tambayar mai neman bashi wa zai kwana a ɗakunan, kada ku tsaya ga darajar filin da za ku ƙwace.

Ga wani hadarin can yana haɗowa, kowa na ganinsa: layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza tubalinsa a Fabrairu 2021, mai tsawon kusan kilomita 284. Tuni wasu ke cewa in jirgi ya zo otel za su cika. Wataƙila. Amma a yi tunani: mutumin da zai iya tasowa Kano da safe, ya gama cinikinsa a Maraɗi, ya koma kafin dare, me zai kwana yi? Jirgin da ke kawo baƙo shi ke mayar da shi. Mai yiwuwa sito da wurin sauke kaya da gidan abinci kusa da tasha su fi ɗakin kwana riba. Mai yiwuwa kuma motocin da ke ɗaukar kaya a wannan hanya su rasa lodi. Yanzu ne lokacin wannan lissafi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa muka ɗaga murya, idan otel ya rufe ba alhaji ne ke fara jin yunwa ba, yana da gona da shago da wani gidan. Mai shara ne, da mai wanki da guga, da kuku, da mai gadi, da matar da ke kawo kayan miya kowace safiya, da ɗan kabu-kabun da ke jiran baƙi a bakin ƙofa, da yaron da ya gama karatun aikin otel yana murna ya samu wuri. Su ake sallama da "sai kasuwa ta gyaru", wani ma da bashin albashin wata uku. Ba su aka yi shawara da su ba ranar aza tubali, amma su ke biyan kuɗin rashin lissafi.

Don haka, Alhaji, Hajiya, da kai matashi mai shirin buɗe ƴar sana'a: kafin ka kira magini, ɗauki takarda ka amsa. Wane ne abokin cinikina, kuma wa ke da ikon hana shi zuwa? Kayana ta wace hanya suke shigowa, in ta toshe ina ta biyu? In babu kuran kwana goma, nawa zan kashe? In naira ta sake faɗuwa, ni zan ci ko ni za a ci? Ruwan 2024 ina ya tsaya a wannan unguwa? Wata nawa zan iya biyan ma'aikata ba tare da ciniki ba? In ka amsa su duka zuciyarka ta kwanta, bisimilla, Allah ya sa albarka. In ka kasa amsa uku daga ciki, ajiye kuɗin siminti tukuna, ka je ka sha shayi da ɗan canji, da direban babbar mota, da tsohon unguwa. Su za su faɗa maka abin da mai zanen gini bai faɗa maka ba.

Masu otel da ke jin mun matsa musu, filin naku ne, ku zo ku faɗa mana inda muka yi kuskure. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai albarka.